Wa ke rubuta wa gwamnati manufofinta? Amsoshin tambayoyinku kan cibiyoyin nazari

Tun lokacin muhawarar dokokin haraji wasiƙu ke shigowa wannan fili a kan cibiyoyin nazarin manufofi, waɗanda ake jin sunansu duk sanda aka ce "wani rahoto ya nuna". Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya: Su wane ne waɗannan cibiyoyi? Ba mu zaɓe su ba, to ta ina suke shiga har su juya gwamnati?

Amsa: Cibiyar nazarin manufofi wuri ne da ake biyan masana albashi don su yi bincike a kan matsalar mulki, su fito da shawarar da gwamnati za ta iya aiwatarwa. Malamin jami'a yana rubutu ne don 'yan'uwansa malamai. Ma'aikacin irin wannan cibiya kuwa minista yake rubuta wa, ko shugaban kwamitin majalisa, ko ɗan takarar da ake ganin zai ci.

Wasu na gwamnati ne. A Najeriya akwai NISER a Ibadan mai nazarin tattalin arziki da zamantakewa, da NIIA a Legas wadda aka kafa a 1961 don harkokin waje, da cibiyar Kuru kusa da Jos, mai horas da manyan jami'ai kan tsara manufofi, wadda aka kafa a 1979. Wasu na 'yan kasuwa ne, kamar NESG da ta samo asali daga taron tattalin arziki na 1993. Wasu kuma masu zaman kansu ne da ke rayuwa da tallafi, irin su CDD mai nazarin dimokuraɗiyya, da BudgIT mai bibiyar kasafi, da PLAC mai bibiyar aikin majalisa.

Ba su da ikon ba kowa umarni. Ƙarfinsu yana zuwa ne daga wani rauni da kowace gwamnati ke da shi, wato rashin lokaci. Minista yana hawa kujera, baƙi sun cika ofis, fayil ya taru, shugaban ƙasa yana jiran takarda cikin mako biyu. Wanda ya zo da shawara a rubuce, da lissafin kuɗinta, da daftarin dokarta, shi ake saurare. A watan Janairun 1981 cibiyar Heritage ta Amurka ta wallafa wa sabuwar gwamnatin Ronald Reagan kundi mai shafi fiye da 1,000 ɗauke da shawarwari kusan 2,000, ma'aikata bayan ma'aikata. Reagan ya raba wa ministocinsa, kuma cibiyar da kanta ta ce an ɗauki kusan kashi 60 cikin 100.

Hanya ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ƙarfi a nan gida, ita ce ta mutane. Bolaji Akinyemi da Ibrahim Gambari duk sun shugabanci NIIA kafin su zama ministocin harkokin waje. Charles Soludo daga wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Enugu aka ɗauko shi ya zama mai ba Obasanjo shawara a 2003, ya jagoranci tsara shirin gyaran tattalin arziki na NEEDS, a 2004 ya zama gwamnan Babban Banki. Kayode Fayemi ya riƙe CDD kafin ya zama gwamnan Ekiti. Idan mutum ya shekara goma yana rubuta abu, ranar da ya samu kujera abin da ya rubuta zai fara ɗaukowa.

Ta uku ba a ganin ta da ido: su ne ke zaɓar tambayar da za a yi muhawara a kanta. A 1989 John Williamson, masani a wata cibiya a Washington, ya jera matakai 10 da ake ganin ƙasashe masu tasowa za su bi, ciki har da sayar da kamfanonin gwamnati da rage tallafi da buɗe kasuwa. Jerin ya zama ma'aunin da aka yi shekaru ana auna gwamnatoci da shi. Idan aka amince tambayar ita ce "yaushe za a cire tallafi?", mai son tambayar "me ya hana matatun mai aiki?" ya riga ya koma gefe.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Ni dai surutu nake gani da taro a otal. Ku kawo min abu ɗaya da binciken irin waɗannan mutane ya canza a ƙasar nan.

Amsa: Alhaji, ga guda ɗaya mai nauyi: yafe bashin 2005.

A lokacin ƙasashen ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris suna bin Najeriya kimanin dala biliyan 30, kuma kaso mai yawa na kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri da suka taru tun zamanin soja. Obasanjo ya yi shekaru yana yawon neman sassauci ba a saurare shi ba. Hujjar masu bin bashi ita ce Najeriya na da mai, kuma a rajistar Bankin Duniya ba ta cikin rukunin matalautan ƙasashen da ke karɓar rance mai sauƙi kaɗai. Ƙa'idar ƙungiyar kuwa ita ce sai 'yan wannan rukuni ake yafe wa kashi biyu cikin uku na bashi.

A ƙarshen 2004 wata cibiya a Washington mai suna CGD ta fitar da takarda da ta kwatanta Najeriya da ƙasashen da ke cikin rukunin, ta nuna da alƙaluma cewa idan aka bi ma'aunin bankin kansa, kuɗin shigar ɗan Najeriya ya sa ƙasar ta cancanci shiga. A farkon 2005 ta fitar da wata gajeriyar takarda da ta ba da shawarar Najeriya ta sayi sauran bashinta a farashi mai rangwame da rarar kuɗin mai. A tsakiyar shekarar Bankin Duniya ya sauya wa Najeriya rukuni. A watan Oktoba aka ƙulla yarjejeniya: an yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya dala biliyan 12.4, ta kammala a Afrilun 2006.

Amma kada a ba takarda ladan da ba nata ba. Ngozi Okonjo-Iweala a Ma'aikatar Kuɗi da Mansur Muhtar a Ofishin Kula da Basussuka su suka zauna teburin ciniki, bayan sun tantance ainihin abin da ake bin ƙasar. Farashin mai ya tashi, asusun rarar mai ya tara kuɗin biya. Birtaniya, wadda ta fi kowa bin Najeriya, ita ke shugabancin ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki a shekarar, kuma ta sa Afirka a gaba. Majalisar Wakilai ta zartar da ƙuduri a watan Maris tana kira a daina biya baki ɗaya, abin da ya tsorata masu bin bashi. Abin da cibiyar ta yi shi ne ta cire wani takamaiman cikas na ƙa'ida, ta kuma ba ɓangarorin biyu tsarin da kowa zai iya karewa a gaban majalisarsa. Da ta fitar da takardar a 1999, lokacin da babu rarar mai, da ta sha ƙura a kanta.

Ga kuma wanda ya taɓa shagonka kai tsaye. A 2016 NESG da sashen dokokin kasuwanci na Ƙungiyar Lauyoyi suka kafa zauren aiki da Majalisar Tarayya, suka bi dokokin kasuwanci ɗaya bayan ɗaya suna fitar da waɗanda suka tsufa. Cikin dokokin da suka tura akwai ta 2017 da ta ba da damar jinginar da kadara mai motsi, kamar injin ko kaya, don karɓar rance, da sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta maye gurbin ta 1990. A ƙarƙashinta mutum ɗaya zai iya yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo sunan ɗan'uwa ya cika ba.

Tambaya daga wata malamar jami'a a Sakkwato: Mun yi bincike mai kyau a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, mun buga, mun kai ma'aikata. Shiru. Mene ne matakan da ake bi har bincike ya zama manufa?

Amsa: Malama, yawanci matsalar tana farawa daga abin da aka kai. Rahoto mai shafi 120 ba wanda zai karanta shi a ma'aikata. A ajiye shi a matsayin madogara, a ciro daga cikinsa takarda mai shafi 2 zuwa 4. Sakin layi na farko ya faɗi matakin da ake so a ɗauka da wanda zai ɗauka. Sai zaɓi biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa a naira, da inda kuɗin zai fito, da wanda zai yi asara idan an aiwatar. Wannan na ƙarshe shi masu bincike suka fi tsallakewa, alhali shi ɗan siyasa ke fara nema. Shawarar da ta ce "gwamnati ta ƙara himma" ba shawara ba ce. Wadda ta ce a ɗauki malamai kaza a ƙananan hukumomi kaza, albashinsu na shekara kaza ne, a cire daga layi kaza na kasafi, ita ake iya sa wa hannu.

Daga nan sai a tantance irin matakin da ake buƙata, domin kowanne da ƙofarsa. Idan umarnin ofis ne kawai, darakta da babban sakatare sun isa. Idan manufa ce, sai kwamishina ko minista ya kai takarda majalisar zartarwa, kuma daraktan tsare-tsare, bincike da ƙididdiga ne yawanci ke rubuta daftarin farko. Shi ya kamata ku fara zama da shi tun kafin ku gama binciken, ku nuna masa tambayoyinku, ku nemi alƙaluman ma'aikatar. Ma'aikacin da ya ga hannunsa a cikin aiki yana kare shi. Wanda aka kawo wa rahoto kammalalle da ke nuna gazawar sashensa, a gaban 'yan jarida, zai sa shi a durowa.

Idan kuɗi ake buƙata, lokaci shi ne komai. A tarayya, dokar kula da kashe kuɗi ta 2007 ta ce a shirya tsarin kashe kuɗi na shekara uku aƙalla wata huɗu kafin sabuwar shekarar kuɗi, sannan a aika wa ma'aikatu takardar kiran kasafi mai ɗauke da iyakar abin da kowacce za ta nema. Jihohi da yawa suna da irin wannan tsari. Wanda ya kai shawararsa a Disamba, bayan gwamna ya gabatar da kasafi, sai dai ya jira baɗi. Tsakanin Mayu da Agusta ake shiga.

Idan doka ce, ku nemi lauya mai ƙwarewa a tsara doka ya rubuta daftarin, sashe bayan sashe, tare da nuna tsofaffin dokokin da za a gyara. Ƙudiri yana bin karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, sai kwamiti, sai jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku. A tarayya dole majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya, sannan shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A matakin kwamiti ake yin ainihin aikin. Idan aka yi sanarwar jin ra'ayi a jarida, ku miƙa takardarku ga magatakardan kwamiti kafin wa'adi, da adadin kwafin da aka nema. Kada ku rubuta "sashe na 12 bai dace ba". Ku rubuta sabon lafazin sashe na 12 yadda kuke so ya fito, domin magatakarda mai rubuta rahoto cikin dare abin da zai iya kwafa yake ɗauka.

Sai haƙuri. A 1993 ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan jarida suka fara tsara dokar 'yancin samun bayanai. Ta shiga majalisa a 1999, ta wuce a 2007 Obasanjo bai sa hannu ba, aka koma farko, sai a Mayun 2011 Jonathan ya sa mata hannu. Duk ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare, ya mutu, sai an sake shigar da shi. Tallafin bincike kuwa yawanci na shekara ɗaya zuwa uku ne, yana ƙarewa daidai lokacin da ake buƙatar mai bibiya. Ku ware mutum ɗaya da kuɗin mota da na waya don wannan bibiya tun a kasafin farko.

Ko an sa hannu ma aiki bai ƙare ba. Doka ba ta motsi sai an fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, an ba ta layi a kasafi, an kuma saki kuɗin. A waɗannan matakai uku shawarwari masu kyau suka fi mutuwa, lokacin da masu bincike sun riga sun yi bikin nasara sun koma wani aiki.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Me ya sa 'yan takarar Najeriya ke tafiya Chatham House a Landan kafin zaɓe?

Amsa: Cibiyar nazarin harkokin duniya ce da aka kafa a 1920, mai zaman kanta, ba ofishin gwamnatin Birtaniya ba, ko da yake jami'an gwamnati da manyan kamfanoni na cikin masu hulɗa da ita da masu ba ta kuɗi. Buhari ya yi jawabi a can a Fabrairun 2015, Tinubu a Disambar 2022, Peter Obi da Kwankwaso a Janairun 2023. Masu zuba jari da jakadu da 'yan jaridar duniya suke son su ji su, kuma hoton yana dawowa gida da kwarjini. Cibiyar ba ta naɗa kowa, ba ta da ƙuri'a. Tasirinta na gaske yana cikin rahotanninta, kamar na 2013 da ya ƙiyasta ana sace gangar ɗanyen mai kusan 100,000 a kullum, da kuma tarukan sirri da ake yi bisa ƙa'idarta: ka yi amfani da abin da ka ji, amma kada ka faɗi wanda ya faɗa. Abin da ya dame mu shi ne ɗan takara ya amsa tambaya a Landan, ya ƙi zama a gaban masana a Kuru ko Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke Kano.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Gombe: Wa ke biyan su? Ta yaya zan san rahoton da na ji a rediyo gaskiya ne ba talla ba?

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da ya kamata ta riga kowace. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba lallai mai ba da kuɗi ya ce a rubuta ƙarya ba. Ya isa ya zaɓi batun da za a bincika, ya ƙi sabunta tallafi idan sakamako bai yi masa daɗi ba. Bayan shekara biyu ma'aikatan cibiya sun san tambayar da ba a yi.

A Satumbar 2014 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa gwamnatocin ƙasashen waje, ciki har da Norway da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sun zuba miliyoyin daloli a manyan cibiyoyin Washington. CGD ɗin nan da ta taimaka wa Najeriya tana cikin waɗanda aka ambata, kan yarjejeniyar dala miliyan 5 da Norway. A Landan, cibiyar nazarin tattalin arziki ta IEA da aka kafa a 1955 ba ta bayyana jerin masu ba ta kuɗi, kuma an tabbatar ta karɓa daga kamfanin taba, alhali tana sukar dokokin taƙaita shan taba.

Wannan cibiya tana da wani darasi. Ta yi shekaru tana kiran a zaftare haraji, kuma Liz Truss, wadda ta zama firaministar Birtaniya a 2022, na kusa da ita. A ranar 23 ga Satumba 2022 gwamnatin Truss ta sanar da rage haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba, ba kuma tare da hasashen ofishin da ke tantance kasafi ba. Shugabannin cibiyar suka yaba. Cikin kwanaki fam ya faɗi ƙasa warwas a kan dala, Bankin Ingila ya shiga ceton asusun fansho, aka kori ministan kuɗi, Truss ta bar mulki bayan kwana 49. Masu biyan bashin gida su suka ɗauki ƙarin kuɗin ruwa. Mai ba da shawara ba ya tsayawa zaɓe, ba a tsige shi, ba ya biyan asara. Don haka muke ganin tilas ne duk cibiyar da ke son a saurare ta a majalisa ta buga sunayen masu ba ta kuɗi da adadin.

A namu ɓangaren, mafi yawan cibiyoyi masu zaman kansu suna dogara da gidauniyoyi da hukumomin agaji na waje. Da yawansu na aiki tsakani da Allah, amma batun da ke da kasuwa a wurin mai tallafi shi ke samun bincike. Farashin taki ko lalacewar madatsun ruwa na iya rasa mai duba su.

Ga abin da za ki duba. Shiga shafinsu na intanet ki nemi rahoton shekara: akwai sunayen masu tallafi da adadin kuɗi? Su wa ke kwamitin amintattu, kuma suna da kamfani a harkar da aka yi rahoto a kai? Idan an ce an yi jin ra'ayi, mutum nawa aka tambaya, a jihohi nawa, da wane harshe, ta waya ko ido da ido? Jin ra'ayin da aka yi ta intanet da Turanci bai ji ta bakin matan karkarar Gombe ba. Alƙaluman daga ina suka fito, kuma wani zai iya sauke su ya sake lissafi? Sannan ki duba ko cibiyar ta taɓa fitar da sakamakon da ya saɓa wa mai ba ta kuɗi. Wadda kowane bincikenta ke ƙarewa a amsa ɗaya, ta san amsar tun kafin ta fara.

Tambaya daga wani tsohon ma'aikaci a Bauchi: Kowace shekara mahalarta kwas na Kuru suna miƙa wa shugaban ƙasa rahoto. Ina suke zuwa?

Amsa: Ranka ya daɗe, ka san amsar fiye da mu: ana karɓa, a yi godiya, a ce ma'aikatu su duba. Babu dokar da ta tilasta wa gwamnati ta mayar da martani a rubuce, babu wa'adi, babu ofishin da za a tuhuma. Mahalarta kwas ɗin na wata 10 kuma suna watsewa, kowa ya koma bakin aikinsa. Amfanin Kuru ya fi fitowa ta zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin janar da babban sakatare da shugaban ƙungiyar ƙwadago.

Rahoton kwamitin Oronsaye kan rage hukumomin gwamnatin tarayya ya nuna dalili na biyu. A 2012 ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Takardar matsayar gwamnati ta 2014 ta ƙi yawancin shawarwarin, aka sake kafa kwamitoci a 2021, a Fabrairun 2024 aka sake sanar da aiwatarwa, hukumomi kuwa sai ƙaruwa suke. Kowace hukuma doka ce ta kafa ta, sai majalisa ta soke dokar. Kowacce tana da shugaba da 'yan kwamitin gudanarwa da kwamitin majalisa mai kula da ita, kuma duk sun san abin da za su rasa. Talakan da zai amfana da rarar kuɗin bai ma san ana yi ba. Rahoton da bai tanadi yadda za a yi da masu asara ba, komai ingancinsa, nan yake tsayawa.

Tambaya daga wani matashi a Kaduna: Lokacin rigimar harajin VAT na ga kamar Arewa ta zo a makare. Ba mu da irin waɗannan cibiyoyi ne?

Amsa: Dubi kwanakin. An ƙaddamar da kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele a Agustan 2023. Ƙudirori huɗu suka isa majalisa a farkon Oktoban 2024. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a Kaduna a ƙarshen watan suka yi watsi da sabon tsarin rabon VAT. Wata 14 ke nan ana rubutu, kuma mafi yawan kwamitocin masana da ƙungiyoyin Arewa suka kafa sun fara aiki ne bayan daftari ya riga ya fito.

Ainihin rigimar lissafi ce. A tsohon tsari, kason jihohi ana raba kashi 50 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 20 bisa inda aka tara harajin, wanda a aikace yake nufin inda hedikwatar kamfani take, yawanci Legas. Ƙudirin ya ɗaga wannan kaso na ƙarshe zuwa 60, amma masu shi suka ce za a lissafa ne bisa inda aka yi amfani da kaya ko hidima. Ko Kano za ta ci riba ko asara ya dogara da lafazin sashen da kuma ko akwai bayanan da za su nuna inda aka sayi katin waya ko buhun siminti. A Janairun 2025 gwamnoni suka daidaita a kan 50 daidai wa daida, 30 bisa inda aka samo, 20 bisa yawan jama'a, harajin ya tsaya a kashi 7.5, aka sa hannu a ranar 26 ga Yuni 2025. Yawan kujerun Arewa a majalisa ne ya samo wannan sassauci. Yawan kujeru yana iya tare abu, amma ba ya rubuta madadinsa.

Cibiyoyi kam akwai: Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, Gidan Mambayya a Kano, CEDDERT da marigayi Yusufu Bala Usman ya jagoranta a Zariya, CITAD mai aiki kan fasahar sadarwa, Gidauniyar Tunawa da Sardauna, da cibiyoyin noma na Samaru, inda cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS ke fitar da rahoton damina kowace shekara. Ƙarfinsu ya fi yawa a tarihi da siyasa da noma. Giɓin yana wurin lissafin kuɗin gwamnati da tsara doka, da kuma kuɗin da zai riƙe ma'aikata shekara da shekaru ba tare da jiran gwamna ko baƙo ba. A Arewa, yankin da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 yana ɗauke da miliyan 86 cikin mutum miliyan 133 masu fama da talauci ta fuskoki da yawa, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Akwai abin koyi a Yamai. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a 2001, tana tura masu bincike su zauna a asibitoci da ofisoshi na makonni, su ga yadda manufa ke aiki a ƙasa. Da Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, binciken cibiyar ya nuna inda abin ya karye: gwamnati na jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu na watanni masu yawa, asibiti ya kasa sayen magani, uwa ta zo da yaro a rubuta mata takarda ta je ta saya a waje. Irin wannan aiki ba ya buƙatar bene, yana buƙatar mutanen da ke jin harshen marasa lafiya da haƙurin zama.

Wanda ke son farawa, mutum huɗu sun isa: masanin tattalin arziki, lauya mai tsara doka, mai sarrafa alƙaluma, da marubucin da zai iya mayar da sakamako shafi biyu da Hausa da Turanci, ya kuma yi bayaninsa a rediyo cikin minti biyar. A zaɓi batu biyu kawai, misali rabon kuɗin tarayya da ilimin firamare. Alƙaluman rabon wata-wata Hukumar Ƙididdiga na buga su kyauta, kasafin jihohi da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku suna shafukan jihohi da yawa, abin da aka ɓoye kuma a nema da dokar samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kuɗin ya fito daga waƙafi ko asusun da 'yan kasuwa da yawa suka zuba wa, a rubuta a tsarin mulkin cibiyar iyakar kason da mutum ɗaya zai iya bayarwa, a hana mai riƙe da muƙamin siyasa zama a kwamitin amintattu, a buga sunan kowane mai bayarwa duk shekara. Hukumar rabon arzikin ƙasa tana da hurumin sake duba tsarin rabo lokaci zuwa lokaci, kuma duk sanda ta buɗe jin ra'ayi, jihar da ta zo da teburin lissafi na kowace jiha da lafazin da take so a rubuta ita za a yi ciniki a kan takardarta.